Tabon da Ke Kumbura Idan An Goga Shi

Wata baiwar Allah daga Gure ta aiko da tambaya game da ɗanta mai wata takwas, wanda tabo-tabo masu duhu suka fito masa a baya da ƙirji, kuma duk sa'ad da ta cuɗa shi da soso da ruwan zafi sai su yi ja, su kumbura kamar borin jini, yaro ya kama kuka saboda ƙaiƙayi, har dangi suka fara raɗe-raɗin kuturta.

Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, domin tabon kuturta galibi ba ya jin taɓi, alhali wannan ƙaiƙayi yake yi. Abin da kika siffanta ya yi kama da wata larura da ba a cika gani ba, wadda likitoci ke kira mastositosis ta fata. Asalinta waɗansu ƙwayoyin tsaron jiki ne da Bajamushe Paul Ehrlich ya bayyana a 1878, waɗanda idan suka taru fiye da kima a wuri ɗaya, aka kuma tsokane su da guga ko zafi, sai su zubo sinadarin histamin, fata ta tashi. Wannan kumburin bayan guga shi ne hujjar da likita yake nema, ana kiransa alamar Darier, amma kada ki jarraba da kanki. Larurar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma ga akasarin yara takan dushe kafin balaga, da yardar Allah.

Abin da na fi ji wa tsoro shi ne maganin da za a yi masa bisa kuskure, musamman tsagar wanzami da sakiya, waɗanda ba abin da za su ƙara illa miki. Ki yi masa wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan, ki tsane jikin ba tare da murzawa ba, ki sa masa tufar auduga sakakkiya, musamman a zafin bazara. Kada a ba shi asfirin ko maganin tari mai kodin sai da izinin likita.

Ki kai shi asibitin Gure a duba, in ya kama a tura ku babban asibitin Damagaram, inda za a tabbatar, a rubuta maganin ƙaiƙayi gwargwadon nauyinsa. Amma idan jikinsa ya yi ja gaba ɗaya, ko numfashi ya sarƙe, ko ya suma, ko da bayan harbin ƙudan zuma ne, to, a garzaya da shi nan take, ko da tsakar dare.