Darasi na Shida: Ƙanƙantar Ƙwayar Ido da Hawan Jinin Ido

1.0 Gabatarwa
Tsawon ƙwayar idon baligi kan kai milimita 23 zuwa 24. Akwai waɗanda kan gaji ƙanƙantar ido, nasu bai wuce milimita 20 ba. Auren zumunci, wanda aka saba da shi a ƙasar Gwandu da Kalgo, yana iya haɗa wa yaro wannan gado daga uwa da uba.

2.0 Alaƙarsa da Hawan Jinin Ido
Sunan cutar aro ne daga “hawan jini”, alhali ruwan cikin ido ne ke taruwa. A ƙaramin ido, magudanar ruwan matsattsiya ce. In ta toshe, matsi kan lalata jijiyar gani, kuma ganin da ya tafi ba ya dawowa. Binciken makanta na Nijeriya (2005–2007) ya nuna cutar ce ta biyu wajen makantarwa, bayan yanar ido.

3.0 Aikin Malami
Ɗalibin da rubutun littafi ke yi wa dishi-dishi, ko yake kukan ciwon ido da kai, kada a ɗauke shi malalaci. A shawarci iyayensa su kai shi wurin likitan ido, tare da ’yan’uwansa.

Auna Fahimta
Me ya sa sunan “hawan jinin ido” ke ɓatar da mai sauraro?