Faɗawa teku daga jirgin yawon shaƙatawa: dalilai da matakan tsira

Jiragen ruwan yawon shaƙatawa, masu zagayawa da fasinjoji tsibiran Karebiyan da Bahar Rum da gaɓar Alaska, suna ɗaukar mutum sama da miliyan 30 a kowace shekara. Girman wasunsu ya wuce misali. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa ya kai mita 365, hawansa 20, kuma yana iya ɗaukar fasinja 7,600. A cikin wannan ɗimbin jama'a, kaɗan ne ƙwarai ke faɗawa ruwa. Alƙaluman da ƙungiyar kamfanonin waɗannan jirage ta duniya, CLIA, ta fitar sun nuna cewa daga 2009 zuwa 2019 an samu faɗawa 212, fasinjoji da ma'aikata a haɗe. Sai dai mutum 48 kaɗai aka ceto da rai. Ke nan abin bai cika faruwa ba, amma idan ya faru, akasari ba a wanyewa lafiya. Abu biyu ke raba tsira da halaka: abin da mutum ya yi kafin ya faɗa, da yawan mintocin da suka wuce kafin a sanar da matuƙan jirgi.

Yadda mutum ke faɗawa

Ba kasafai mai tafiya a tsakar jirgi ko mai tsayuwa a baranda ke zamewa ya tsinci kansa a teku ba. Ƙa'idojin duniya sun wajabta shingen ƙarfe da bai gaza mita ɗaya ba a gefen jirgi. Dokar da Amurka ta kafa a 2010 kan tsaron jiragen yawon shaƙatawa ta ɗaga shi zuwa inci 42, wato kusan santimita 107, ga jiragen da ke ɗauka ko sauke fasinja a tashoshinta. Shinge mai wannan tsawo ya wuce ƙugun yawancin manya, don haka da wuya tuntuɓe ko tangaɗin jirgi ya jefa mutum ta kansa matuƙar ƙafafunsa biyu na ƙasa.

Binciken da ake yi bayan aukuwar abin yakan kai ga dalilai ƙalilan da ke maimaita kansu. Akwai masu hawa shingen ko zama a kansa don ɗaukar hoto. Akwai masu ƙoƙarin tsallakawa daga barandar ɗakinsu zuwa ta maƙwabci. Akwai waɗanda giya ta ɗauke wa hankali, su taka kujera ko teburi su leƙa ƙasa, ko su sunkuya don yin amai har nauyin jikinsu ya rinjaye su. Akwai masu faɗawa da gangan saboda ƙuncin rai, akwai kuma, jefi-jefi, wanda aka tura a wajen faɗa. Da yawa daga cikin waɗannan da dare suke faruwa, lokacin da idon jama'a ya ragu.

Yara kuwa, galibi babba ne ke ɗaga su zuwa inda shingen ba zai kare su ba. A watan Yulin 2019, a tashar San Juan ta Puerto Rico, wata yarinya 'yar wata 18 ta suɓuce daga hannun kakanta ta wata buɗaɗɗiyar taga a hawa na 11 na wani jirgi, ta faɗo kan dandamalin tashar, ta rasu. Kakan ya ɗaga ta ne zuwa bakin tagar yana zaton akwai gilashi.

Abin da ke samun wanda ya faɗa

Haɗari na farko shi ne faɗuwar kanta. Wanda ya faɗo daga tsawon mita 30 yana isa ruwa da gudun da ya haura kilomita 80 a awa. A irin wannan gudu ruwa ba ya da taushi. Yana karya haƙarƙari da ƙafa, yana sumar da mutum, kuma wanda ya suma ba tare da rigar ceto ba nutsewa zai yi nan take.

Na biyu sanyi ne. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba. Wani masani na Jami'ar Manitoba a Kanada, Gordon Giesbrecht, ya taƙaita abin da ke faruwa a ruwa mai tsananin sanyi zuwa matakai uku: minti ɗaya na farko numfashi na ƙwace wa mutum, yana haki yana shaƙar ruwa, sai kimanin minti goma da hannuwa da ƙafafu ke iya aiki kafin su sandare, sai kimanin awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. A tekun Alaska ko na Norwe lissafin ke nan. A ruwa mai ɗumi irin na Karebiyan mutum na iya kai awanni masu yawa, amma gajiya da ƙishirwa da sanyin da ke shiga a hankali suna cin ƙarfinsa.

Na uku nisa ne. Jirgin da ke gudun kilomita 37 a awa yana cin fiye da mita 600 a kowane minti. Ba shi da burki irin na mota, kuma kafin ya rage gudu ya juyo an ɗauki lokaci. Idan an yi minti goma ba a sanar ba, an bar mutum a baya da kilomita shida. Abin da ke bayyana na jikinsa a saman ruwa kai ne kawai, kamar duma na yawo a tsakiyar tafki, igiyar ruwa na ɓoye shi tana fito da shi. Iska da jan ruwa kuma suna ta gusar da shi daga inda ya faɗa.

Abin da jirgi ke yi

Da zarar labari ya isa ɗakin matuƙa, akan danna maɓallin da ke adana ainihin wurin a na'urar nuna hanya, a saki tayar ceto mai fitila da hayaƙi mai launin ruwan lemo don ta zama alama, a busa ƙahon jirgi dogo sau uku. A lasifika akan ji ana maimaita kalmar Oscar, wadda ma'aikata suka san ma'anarta. Matuƙi sai ya juyo da jirgin. Sanannen salon juyawa shi ne wanda ake kira da sunan John Williamson, wani hafsan sojan ruwan Amurka na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu: a karya sitiyari gaba ɗaya zuwa ɓangaren da mutumin ya faɗa, idan jirgin ya kauce da digiri 60 sai a karya shi gaba ɗaya zuwa ɗaya ɓangaren, har ya dawo kan sawunsa yana fuskantar inda ya fito. Sannan a sauke ƙaramin jirgin ceto, a kuma sanar da masu tsaron gaɓar teku da jiragen da ke kusa. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS, wadda aka fara ƙullawa a 1914 bayan nutsewar Titanic, ta ɗora wa kowane kyaftin da ya samu labarin mutum cikin haɗari nauyin kai ɗauki idan yana da iko.

Duk wannan shiri yana amfani ne idan an san lokacin faɗuwar. A ƙarshen watan Yunin 2025, wata yarinya ta faɗa teku daga hawa na huɗu na jirgin Disney Dream a hanyarsa daga Bahamas zuwa Florida, mahaifinta ya bi ta. An gani, an sanar nan take, kuma cikin kimanin minti 20 aka tsamo su da rai. A watan Nuwamban 2022 kuwa, wani matashi ɗan shekara 28 ya ɓace daga jirgin Carnival Valor a mashigin tekun Meziko. Ganinsa na ƙarshe wajen ƙarfe 11 na dare ne, amma sai da tsakar rana washegari aka kai rahoton ba a gan shi ba. Ma'aikatan wani jirgin dakon kaya ne suka hango shi bayan faɗuwar rana, jirgi mai saukar ungulu na masu tsaron gaɓar Amurka ya ɗauke shi. Ya rayu, amma irinsa ba su da yawa. Idan rahoto ya makara haka, sai an koma an bi hotunan kyamarori ɗaya bayan ɗaya don gano lokacin da mutum ya faɗa, kuma faɗin wurin da za a bincika na ƙaruwa da kowace awa.

Dokar Amurka ta 2010 ta nemi jirage su sanya na'urar da ke ɗaukar hoton wanda ya faɗa ko ta gano faɗuwarsa, gwargwadon samuwar fasahar. Akwai na'urori masu haɗa kyamarar gano ɗumin jiki da rada, waɗanda ke kaɗa ƙararrawa a ɗakin matuƙa cikin daƙiƙoƙi, kuma a 2020 aka fitar da ma'auninsu na duniya, ISO 21195. Amma ba kowane jirgi ke da su ba. Da yawa kyamarar naɗar hoto kawai suke da ita. Saboda haka idon fasinja da muryarsa har yanzu su ne ƙararrawa ta farko.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne halartar atisayen da ake yi wa fasinjoji. A da doka ta ba da awa 24 bayan shiga jirgi a yi shi. Bayan hatsarin Costa Concordia, wanda ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012 mutum 32 suka mutu, alhali wasu fasinjojin ba a yi musu atisayen ba tukuna, aka mayar da shi kafin tashi ko da zarar an tashi. A nan ne fasinja ke sanin wurin taruwarsa, da inda rigar cetonsa take, da yadda ake ɗaure ta, da alamar gaggawa: gajeren busa bakwai, dogo ɗaya. Taswirar hanyar fita tana manne a bayan ƙofar kowane ɗaki.

Bayan haka, ƙafafu biyu su kasance a ƙasa a duk inda shinge yake. Ba a zama a kansa, ba a taka sandunansa, ba a jawo kujera kusa da shi. Mai yara ya kulle ƙofar baranda da makullin sama, ya janye teburi da kujeru daga bakin shinge, kada kuma ya ɗaga yaro don ya ga ruwa da kyau. Idan an rufe hawan sama saboda iska, a bi umarni, domin gudun jirgi da iskar teku idan suka haɗu suna iya ture babba. Wanda ya ga abokin tafiyarsa ya bugu, ya raka shi ɗaki, ya hana shi fita baranda. Wanda ya lura ɗan'uwansa na cikin matsanancin ƙunci ko yana maganar gajiya da rayuwa, kada ya bar shi shi kaɗai, ya kai maganar asibitin jirgi. Masu tafiya tare su tsayar da lokacin haɗuwa, kuma idan an nemi mutum an rasa, a sanar da ma'aikata nan da nan. Kunyar a ce an tayar da hankalin jama'a a banza ba ta kai asarar awa guda ba.

Idan an ga wani ya faɗa

Mai gani ya ɗaga murya iya ƙarfinsa cewa mutum ya faɗa ruwa, ya faɗi ɓangaren, dama ko hagu. Ya jefa tayar ceto mafi kusa, ko duk wani abin da ke yawo a ruwa, ko da ba zai kai ga mutumin ba, domin yana nuna wurin. Ya tsayar da idonsa a kan wanda ya faɗa, yana nuna shi da hannu ba tare da ya waiwaya ba, wani kuma ya ruga ya kira ma'aikata ko ya buga lambar gaggawa a wayar jirgi. A riƙe lokacin da abin ya faru. Kada a yi tsalle a bi shi. Mahaifin da ya tsira a 2025 ya tsira ne saboda hawan ba shi da tsawo sosai, ruwan na da ɗumi, ceto kuma ya zo da wuri. A mafi yawan lokuta mai bin wani yana mayar da aikin ceton mutum ɗaya ya zama na mutum biyu.

Idan mutum ne ya tsinci kansa a ruwa

Minti na farko na daidaita numfashi ne. Ya kwanta rigingine, kunnuwa cikin ruwa, fuska sama, hannuwa da ƙafafu a baje, har hakin ya lafa. Kada ya bi jirgin da iyo, ba zai cim masa ba, kuma zai ƙarar da ƙarfinsa ya bar wurin da za a fara nemansa. Idan akwai tayar ceto kusa, ya nufe ta ya shige ciki. Kada ya tuɓe tufafinsa, suna rage fitar ɗumi. Mai abin riƙewa ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji ya matse hammatarsa. Kada ya sha ruwan teku, gishirinsa na ƙara ƙishirwa. Ihu da ɗaga hannu a ajiye su sai an ga jirgi ko an ji ƙararsa kusa. Wata 'yar Birtaniya da ta faɗa daga jirgin Norwegian Star a tekun Adiriyatik a watan Agustan 2018 ta yi kimanin awa goma a ruwa kafin masu tsaron gaɓar Kuroshiya su tsamo ta da rai. Ɗumin ruwan da kwanciyar tekun a daren sun taimaka mata.

Waɗannan ƙa'idoji ba na jirgin shaƙatawa kaɗai ba ne. Suna aiki a jiragen fasinja masu ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda, suna kuma aiki a kwalekwalen kogi, inda gefen jirgi ba shi da shinge kuma rigar ceto ce kaɗai kariya. A ko'ina ne, fasinja ya san inda rigarsa take kafin a tashi, ya nisanci hawa gefen jirgi, idan kuma ya ga wani ya faɗa ko ya nemi nasa ya rasa, ya sanar a cikin mintin.