Numfashi Cikin Natsuwa a Lokacin Kaka

'Yan'uwa, idan kaka ta yi a ƙasar Funtua da Malumfashi, ƙurar sussuka da ta auduga sukan haɗu da ta hunturu, ga kuma tunanin bashin taki yana hana manomi barci. Babban mutum yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, amma damuwa takan sa shi haki, zuciya tana dukan uku-uku.

Ga abin yi. A zauna, a ja iska ta hanci, domin hanci yana tace ƙura, har ciki ya taso. A ƙirga huɗu, sannan a sake ta sannu a hankali ana ƙirga shida. Wannan jinkirin fitarwa shi ne ke sassauta bugun zuciya. Minti biyar sun isa.

Ikilisiya ta daɗe da sanin wannan hanya. Waliyyi Ignatius na Loyola, a littafinsa na horon ruhaniya da aka buga a 1548, ya koyar da yin Addu'ar Ubangiji kalma ɗaya a kowane numfashi.

Sai dai wannan ba maganin asma ba ne. Wanda tarinsa ya wuce mako biyu, ya je asibiti a gwada shi saboda tarin fuka.