Darasi: Yaya Ake Auna Amfanin Aikin Gwamnati ga Talakan Ƙauye?

A ajin Larabci muna bambanta kalmomi biyu: "thaman", wato kuɗin da aka biya, da "ƙima", wato ainihin darajar abu. Da su za mu yi aiki yau.

Idan gwamnati ta haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye na arewacin Ghana, hanya mafi sauƙi ta auna amfaninta ita ce a raba kuɗin da aka kashe da yawan gidajen ƙauyen. Masu lissafi suna son wannan hanya, amma thaman kaɗai take nuna mana. Ko da famfon ya yi wata shida a lalace, lissafin yana nan yadda yake.

Ƙima sai an shiga gida an yi tambaya. Awa nawa uwa da 'ya'yanta mata suke yi a hanyar rafi kafin rijiyar? Kwana nawa ciwo yake kwantar da maigida? Mu ɗauki kurkunu. A 1989 an ƙirga mutum kusan 180,000 masu ɗauke da shi a Ghana. Tsutsar tana fitowa bayan kamar shekara guda da shan ruwan tafki, ta zaunar da mutum makonni, ba gona, ba makaranta. Da tace ruwa da zuba magani a tafkuna da haƙa rijiyoyi aka ga na ƙarshe a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015. Manomin bai karɓi ko sidi ɗaya a hannu ba, amma an mayar masa da makonninsa. Wannan ma dukiya ce, kuma dole ta shiga lissafi.

Sannan mu cire abin da gidan ya kashe kafin ya kai ga aikin. An kafa inshorar lafiya a 2003, to amma mu da ke Nima ko zangon Kumasi da ƙafa ma muna isa asibiti. Na ƙauye sai ya biya mai babur, ya kuma bar gona wuni guda. Haka sakandare kyauta ta 2017: yarinyar da ta bar makaranta tun firamare, me ya shigo gidansu?

Aikin gida: wanda zai je ƙauye hutu ya zaɓi gida ɗaya, ya rubuto mana nisansu da ruwa, da asibiti, da makaranta, da kuɗin zuwa kowanne.