"An Ce" Ba Ta Kuɓutar Da Kai

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani cewa ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa gaban alƙali, kuma wanda ya ɗauki maganar ya kai gaba yana shiga ciki tare da wanda ya ƙaga ta. A nan samari suka fi faɗawa. Sai ka ji yaro a majalisa ya ce, "Ni dai ji na yi." To, wa ya sa ka faɗa?

Dubi ƙissar ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. Munafuki Abdullahi ɗan Ubayyu ne ya hura wutar, amma Misɗahu da Hassanu ɗan Sabitu da Hamnatu 'yar Jahshi, Musulmi ne, sun maimaita, sun sha bulalar haddi. Aya ta 4 cikin Suratun Nur ta yanka hukunci: wanda ya jefi kamammiya da zina bai kawo shaidu huɗu ba, bulala 80, kuma a daina karɓar shaidarsa. A mazhabar Malikiyya har habaici ma, in an gane zina ake nufi, ƙazafi ne. Haka kore mutum daga ubansa. Ka lura da kalmar "shege" da kuke jifan juna da ita wai wasa!

Dokar ƙasa ma ba ta bar ka ba. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta bayyana ɓata suna a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya sa ɗauri har shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Ita ba ta tsaya ga zina ba. Ka ce wane ɓarawo ne, ko ya ci kuɗin masallaci, da baki ko a rubuce ko ta waya, duk ya shiga, muddin wani ya ji ko ya karanta. Ban da wannan, wanda ka ɓata yana iya kai ka kotu neman diyya.

Kana iya cewa ai gaskiya ka faɗa. Madalla, amma a can kotu kai za a ce ka kawo hujja, ba shi ba. Wanda ya tsegunta maka kuwa, ranar nan da wuya ka gan shi.