Darasi na 7: Gyaran gayauna kafin shuka waken harawa

Iyayena da yayyena, bara wata 'yar ƙungiyarmu a yankin Ɗambatta ta ci bashi a akwati ta sayi rago don turka. Da rani ya yi nisa harawa ta yi tsada, dole ta sayar da shi tun bai yi ƙiba ba, da ƙyar ta biya bashin. Shi ya sa nake cewa kafin ki sayi rago, ki fara noma abincinsa.

A Masar makiyaya na shuka wata ciyawa, barsim, don dabbobi. Mu nan Allah ya ba mu Kanannado, waken nan mai yaɗo da yawan ganye. Amma sai ƙasa ta gyaru yake yi.

1. Zaɓen wuri. Ki nemi jigawa wadda ruwa ba ya kwanciya. Wake ba ya son jiƙo, saiwarsa ruɓewa take. In wuta-wuta ta cinye wake a wurin bara, bana a canja wuri.

2. Shara. A sassabe, a tsince ledoji. Kada a ƙone komai ƙurmus, ragowar ganye abincin ƙasa ne.

3. Taki. Tun da rani ki tara kashin awaki, na kaji da tokar murhu. A kai gona a mangala, a baza kafin ruwan fari. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, sai wanda ya ruɓe. In za ki sayi na zamani, supa za ki nema. Wake ba ya bukatar yuriya sosai, saiwarsa da kanta take ƙara wa ƙasa ƙarfi.

4. Huɗa. Bayan ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, a yi kunya, tazarar santimita 75. Masu bincike na IITA a Minjibir sun gwada layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, don kada inuwa ta danne waken.

In ba kya fita gona, ki zauna da maigida ko ɗanki ku tsara tun yanzu. Kuɗin ƙwadago da na garmar shanu, ki rubuta su a lissafinki.

Mu tattauna:
Dami nawa na harawa akuyarki ta ci bara? Nawa kika saya?
Wace ce ba ta da gayauna, kuma ta yaya ƙungiya za ta taimaka mata?