Idan Ka Yi Karo da Motar Asibiti a N'Djamena

Ɗan'uwa mai tuƙi a birnin N'Djamena, ko kai ɗan kalando ne mai haya da babur, ko mai motar da ke ɗauko kaya daga Kuseri ta gadar Ngeli, ka san yadda titi yake da hantsi wajen kasuwar Dembe. Babura ta ko'ina, ga masu amalanke, ga ƙura. Ana cikin haka sai jiniya ta tashi, kafin ka sami wurin raɓewa an gwabza. Jama'a su taru, kowa na faɗin "Ai motar asibiti ce!" Ɗan sanda ya zo ya karɓi takardunka, ya rubuta maka tara. Nan mutane da yawa suke saduda, a zatonsu wanda ya taɓa motar asibiti ko ta 'yan kwana-kwana ba shi da bakin magana. To, ba haka abin yake ba.

Mu fara ba motar haƙƙinta. Chadi tana bin dokar hanya ta ƙasashe shida na ƙungiyar CEMAC ta tsakiyar Afirka, wadda aka amince da ita a 2001, kuma wajibi ne kowa ya ba motar gaggawa hanya, domin wanda ke kwance a ciki, watakila mai naƙuda ce, watakila ma ɗanka ne. Wanda ya ji jiniya ya yi kunnen uwar shegu, ko ya bi bayan motar da gudu don ya ci moriyar hanyar da ta buɗe, tarar da aka yi masa ta dace da shi, wannan rubutu kuwa ba dominsa aka yi shi ba.

Amma fifikon nan yana da sharaɗi. Ƙa'idar da duniya ta sani tun yarjejeniyar Biyena ta 1968 ita ce motar ta sanar da zuwanta da jiniya da fitila mai walƙiya, direbanta kuma kada ya jefa sauran masu bin hanya cikin haɗari. Motar asibitin da ta sauke majinyaci tana komawa shiru, mota ce kamar taka. Saboda haka shari'ar taka kusan duk a kan tambaya ɗaya take: lokacin karon, an kunna jiniya ko ba a kunna ba?

Amsar tana bakin titi, kuma ba ta daɗewa. Idan akwai wanda ya ji rauni, shi ne farko. Bayan haka kada ka gusar da abin hawanka sai jami'ai sun zo sun yi awo. Ɗauki hoto da wayarka: inda motocin suka tsaya, sawun birki a kwalta, gilashin da ya tarwatse. Sannan ka dubi waɗanda kullum suke wurin, mai shayi, da yaron da ke sayar da fetur a kwalba, ka roƙi lambar wayar mutum biyu. 'Yan kallo masu yawan surutu, da la'asar ba za ka ga ko ɗaya ba.

Abin da ya fi cutar da mutanenmu shi ne sa hannu. Harsunan gwamnati a Chadi Faransanci ne da Larabci, rahoton haɗari kuwa galibi da Faransanci ake rubuta shi. Bahaushe ɗan kasuwa yana jin Larabcin kasuwa sarai, amma a miƙo masa takarda sai kunya ta hana shi cewa bai gane ba, ya dangwala hannu a kan abin da bai faɗa ba. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a karanta mini." Ka nemi tafinta. Idan ba ka ji jiniya ba, ka tabbata an rubuta hakan cikin bayaninka kafin ka sa hannu. Kada kuma ka miƙa sefa a bakin titi don "a kashe magana". Kuɗin da babu rasit ba tara ba ne, biyan tarar kanta kuma yakan zama kamar amsa laifi, wanda zai bi ka har wajen gyaran motar da aka fasa.

Daga nan sai kamfanin inshorarka. Chadi tana cikin yarjejeniyar CIMA ta 1992, wadda ta wajabta inshorar abin hawa, kuma wa'adin sanar da haɗari gajere ne, yawanci kwana 5 na aiki. Wanda ba shi da inshora ya riga ya raunana kansa, ko da gaskiyar tasa ce.

Sai ka rubuta takardar ƙin yarda da tarar zuwa ga mai gabatar da ƙara na gwamnati a babbar kotun N'Djamena. Ka faɗi rana da wuri da lambar takardar tarar, ka haɗa hotuna da sunayen shaidu, ba zagi, ba dogon labari. Yi kwafi biyu, a buga hatimi a kan naka. In da hali ka ɗauki lauya.

Mai karatu, yau ɗin nan ka buɗe jakar takardun motarka, ka duba ranar da inshorarka za ta ƙare.